Fakarar Argungu da Fakarar Ingila

Da hutun damina na raka kawuna gonarsa ta shinkafa kusa da Argungu, muka tayar da fakara a bakin fadama. Da na komo makaranta a Birnin Kebbi, sai malaminmu na kimiyya ya nuna mini hoton irin tata ta ƙasar Ingila.

Tamu, wadda wasu ke kira makwarwa, namijinta yana da tsini biyu a bayan kowace ƙafa, kuma da asuba yakan hau suri ya yi ta kuka. Ta Ingila toka-toka ce, fuskarta ruwan goro, ba ta da tsinin nan. Wajen ƙwai kuwa ta fi tamu nesa: takan saka 15 a sheƙa ɗaya, tamu da ƙyar take wuce 7.

Amma yawan ƙwai bai cece ta ba. 'Ya'yanta ƙwari suke ci a makonnin farko, maganin feshi kuwa ya kashe ciyawar da ƙwarin ke rayuwa a kai. Daga 1970 zuwa yau, Ingila ta rasa fiye da kashi 90 cikin 100 na fakararta.

To, kawuna ma ya sayi injin feshi bana. Na ba shi wannan labari, ya ce in fara kawo masa kuɗin 'yan ƙwadago tukuna.