Darasin Kimiyya: Farin Soson Kwali da Yadda Ake Sassaƙa da Shi

Duk wanda ya taɓa buɗe kwalin sabon firiji ko talabijin ya san farin abin nan da ake tokare kayan da shi don kada su fashe a hanya. Ba shi da nauyi, yana ƙara idan an goga shi, idan kuma aka karya shi sai ya zubar da ƙananan ƙwayoyi masu kama da gero. A kasuwa soso ake ce masa, ko da yake shi da soson katifa ba danginsu ɗaya ba. Sunansa a kimiyyance folistarin. A darasin yau za mu ga mene ne shi, yadda ake yin sa, sannan mu ga yadda masu aikin hannu ke haɗa shi da waya da takarda da yashi da fenti su fitar da siffa. Irin wannan aiki, wanda ake tara kaya iri-iri a sassaƙa ɗaya, shi za mu riƙa kira sassaƙar haɗin gambiza.

Mu fara daga tushe. Kowane abu a duniya an gina shi ne da ƙwayoyin zarra, waɗanda ido ba ya iya gani. Idan zarra biyu ko fiye suka ƙullu, sai su zama dunƙulen da ake kira molekul. Akwai wani ruwa mai ƙarfin wari da ake samu daga sinadaran man fetur, sunansa sitarin, kowane molekul nasa yana ɗauke da zarrar kabon 8 da ta haidirojin 8. Halin sitarin shi ne molekul ɗinsa suna iya kama hannun juna, wannan ya kama wancan, har dubbai su jeru a layi ɗaya kamar ƙwayoyin carbi a zare. Duk doguwar sarƙa irin wannan ana kiran ta folima, wato mai gaɓoɓi da yawa. Ke nan folistarin ba komai ba ne illa sitarin da aka jera.

Wani mai haɗa magunguna a birnin Balin na Jamus, Eduard Simon, shi ya fara cin karo da abin a 1839. Ya tace wani mai daga ƙaron bishiya, ya ajiye, bayan 'yan kwanaki ya tarar ya yi kauri. Bai gane dalili ba. Sai a 1920 Hermann Staudinger ya kawo bayanin cewa irin waɗannan abubuwa dogayen sarƙoƙi ne, bayanin da ya sa aka ba shi kyautar Nobel a 1953.

Folistarin na asali ba fari ba ne, ba kuma soso ba ne. Roba ce tauri, garai-garai kamar gilashi, irin wadda ake yin gidan faifan CD da wasu cokulan roba da ita. Dalilin taurin nan shi ne a jikin sarƙar akwai zobba na kabon shida-shida da ke rataye a gefe, suna hana ta lanƙwasa yadda take so. Shi ya sa cokalin roba ba ya tanƙwaruwa sosai, sai dai ya ɓalle ƙas. A riƙe wannan, za mu dawo kansa.

To yaya roba mai tauri ta koma soso? A nan ne dabarar take, kuma wani masani a kamfanin BASF na Jamus, Fritz Stastny, shi ya gano ta wajen farkon shekarun 1950. Ana yin robar ƙwaya-ƙwaya kamar tsabar sukari, a cusa wa kowace ƙwaya wani ruwa mai suna fenten, wanda ke tafasa a digiri 36 kacal na ma'aunin Salshiyas. Daga nan sai a busa musu tururi. Tururin yana yin aiki biyu a lokaci guda. Na farko, yana tausasa robar, domin folistarin yana sakin jiki idan zafi ya kai wajen digiri 100. Na biyu, yana tafasa fenten ɗin da ke ciki ya zama iska, iskar ta tura bangon da ya riga ya yi laushi. Wanda ya taɓa kallon mai gugguru ya ga irin wannan: danshin da ke cikin masara ne ke kumbura ta. Ƙwayar takan ninka girmanta sau 40 ko fiye. Bayan ta huce an bar ta ta sha iska, sai a zuba ƙwayoyin a mazubi, a sake busa tururi, su ƙara kumbura su manne da juna, su ɗauki siffar mazubin. A kowace ƙwaya akwai ɗimbin ƙananan ɗakuna rufaffu, cike da iska. Kusan kashi 98 cikin ɗari na soson iska ce, kashi 2 ne kawai roba.

Akwai ɗan'uwansa da ake tatsowa daga inji a matsayin allo, ba ƙwaya-ƙwaya ba, wanda kamfanin Dow na Amurka ya sa wa suna Styrofoam. Shi ya fi santsi, ya fi karɓar zane mai ƙanƙanta, amma na kwali ya fi sauƙin samu, kuma galibi kyauta ne a shagon masu sayar da kayan lantarki. Da shi za mu yi aiki.

Bari mu yi ɗan lissafi don mu ga abin da ya ja hankalin masu sassaƙa. A ɗauki dunƙulen soso mai tsawon santimita 30, faɗi 30, tsayi 30. Girmansa ya kama mita kubik 0.027. Matsakaicin soso yana da nauyin kilo 20 a kowace mita kubik, don haka dunƙulen namu giram 540 ne, yaro ma zai ɗaga shi da hannu ɗaya. Da kankare ne, mai kilo 2,400 a mita kubik, da ya kusa kilo 65, ya fi buhun siminti. Wannan rashin nauyi ne ya sa ake sassaƙa manyan siffofin bikin kanibal na Riyo a Burazil da shi. Mai zanen nan na Faransa, Jean Dubuffet, ya rungume shi daga 1966, yana yanka shi da waya mai zafi, daga baya a faɗaɗa siffar a mayar da ita da kayan da suka fi ƙarko. Ta wannan hanya aka samu aikinsa na bishiyoyi huɗu da aka kafa a birnin New York a 1972.

Mu ma bishiya za mu yi, amma kuka. Na zaɓe ta ne domin jikinta ya ƙunshi darasin gaba ɗaya: gangar jiki ƙatuwa, rassa sirara. Ga kuma sauƙi ga wanda ba ya son sassaƙa siffar mutum ko dabba.

Gangar jikin daga soso za ta fito. Idan babu dunƙule mai kauri, sai a jera fale-falen guntaye a manne su. A zana siffar da alƙalami a gaba da gefe, sannan a yanke abin da ke wajen zanen. Wuƙa ko reza sai mai kaifi sosai, kuma a riƙa ja da ita, ba dannawa ba. Dalili kuwa, mahaɗar ƙwayoyin ta fi cikin ƙwayoyin rauni. Dakusasshiyar wuƙa ba ta ratsa ƙwaya, tumɓuke ta take yi, sai wurin ya yi rami-rami. Yanka mafi tsabta na waya mai zafi ne. Ana amfani da wayar nikurom, haɗin ƙarfen nikel da kuromiyam, irin wadda ke cikin risho na lantarki. Tana yi wa wutar lantarki turjiya, turjiyar ta zama zafi, zafin ya narkar da siraran bangayen robar kafin ma wayar ta taɓa su sosai. Da batir ko ƙaramar taransifoma ake kunna ta. Kada a kuskura a haɗa ta da wutar soket kai tsaye. Bayan yanka sai a bi da samfefa a hankali a fitar da kumburi da lotsawar jikin kuka.

Wanda ya yi wannan aiki da hunturu zai sha fama da ƙwayoyin, su manne a riga, a hannu, a gashi. Gogayya ce ke tara musu cajin lantarki, kuma da yake roba ba ta barin caji ya wuce, busasshiyar iska kuma ba ta kwashe shi, sai ya zauna. A ɗan yayyafa ruwa a wurin aiki, a share da jiƙaƙƙen tsumma.

Rassa fa? A nan soso ya gaza. Mun ce sarƙar folistarin ba ta son lanƙwasa, ga shi kuma kashi 2 ne kawai na jikin. Soso yana jure danniya daidai gwargwado, domin nauyin yana rarrabuwa a kan ɗakuna masu yawa, amma siririn reshe da an tanƙwara shi sai ya karye. Saboda haka sai mu kira waya. A murɗa wayoyi uku ko huɗu wuri ɗaya, a soka gindinsu can cikin gangar jikin, a raba kawunansu su zama ƙananan rassa. Ƙasa kuma a kafa kukar a kan katako da dogon ƙusa ko sanda da ta ratsa tsakiyarta, in ba haka ba iskar fanka ma ta ishe ta faɗuwa. Ma'anar haɗin gambiza ke nan a kimiyyance: soso ya ba da girma, waya ta ba da ƙashi, katako ya ba da nauyi, kowa ya rufa wa ɗan'uwansa asiri.

Yanzu mun iso inda mafi yawan masu koyo ke asarar aikinsu, wato gam da fenti. Masana kimiyyar sinadarai suna da ƙa'ida cewa abu yana narkewa ne a cikin mai irin halinsa. Molekul na ruwa yana da gefe biyu, ɗaya mai ɗan caji na ƙari, ɗaya na ragi, don haka yana jan abubuwa masu caji irin su gishiri. Sarƙar folistarin kabon ce da haidirojin zalla, ba ta da irin waɗannan gefuna, ruwa bai da inda zai kama ta. Amma fetur da tina 'yan gidansu ɗaya ne da ita. Suna kutsawa tsakanin sarƙoƙin su raba su, bangayen ɗakunan su rushe, iskar ta fice, ƙaton dunƙule ya koma ɗan ƙullu mai yauƙi. Asiton, wanda ke cikin ruwan goge jan farce, shi ma yana rusa shi nan take. Masu liƙe yoyon rufin kwano sun daɗe da sanin haka, suna jiƙa soso a fetur su sami danƙo. Abin da ya zama alheri ga mai gyaran rufi, shi ne masifar mai sassaƙa. Gam ɗin masu gyaran takalma, da mafi yawan fentin gwangwani na feshi, da fentin mai, duk suna ɗauke da irin waɗannan sinadarai. Fesawa ɗaya ta isa ta cinye aikin mako guda.

Abin da ya dace shi ne farin gam na kafintoci, wanda ruwa ne ke ɗauke da shi. Sai dai yana da nasa sharaɗi. Yana kamawa ne idan ruwansa ya bushe, soso kuwa ba ya shan ruwa, iska ma ba ta ratsa shi. Idan aka labta shi da yawa tsakanin fale biyu, gefe zai bushe, tsakiya ta kwana biyu da danshi. A shafa kaɗan, a soka tsinken tsire ya riƙe su, a yi haƙuri har gobe. Kowane sabon gam ko fenti kuma, a fara gwada shi a kan guntun da ba a so.

Saura fata. A tsinka farin gam da ruwa, a yayyaga tsohuwar jarida ko takardar buhun siminti, a tsoma, a lulluɓe gangar jiki da rassa hawa uku ko huɗu, kowane hawa ya bushe kafin na gaba. Yagaggen baki ya fi yankakke kwanciya, domin zaren takardar yana bajewa ya shige na kusa da shi. Takarda tana jure ja, abin da soso ba ya iyawa, kuma ita ce katangar da za ta raba shi da duk fentin da zai zo. Hawa na ƙarshe a tattare shi da yatsa ya yi tamoji irin na ɓawon kuka. Mai son jiki mai tauri kamar dutse sai ya shafa farin garin da ake yin silin da shi, wato POP. Garin nan dutsen jifsam ne da aka gasa ya rasa yawancin ruwansa. Da an kwaɓa shi yakan mayar da ruwan cikin jikinsa, ya daskare cikin mintuna, har a ji ya yi ɗumi. Don haka kaɗan-kaɗan ake kwaɓawa. Ni dai na fi son takarda a kan rassa, domin garin yana tsagewa a duk inda waya ta motsa. Daga nan sai fentin ruwa na akirilik, a shafa gam a kan katakon a barbaɗa yashi, a rataya 'ya'yan kuka na tsumma da zare.

Fatar nan tana da wani amfani. Hasken rana yana tsinka sarƙoƙin folistarin sannu a hankali, shi ya sa soson da ya daɗe a waje yake yin rawaya yana zubar da gari. Wanda aka rufe ya tsira daga wannan.

Wuta ce babbar abokiyar gabarsa. Yana kamawa da sauri, yana ɗiga yana ci, hayaƙinsa baƙi ƙirin, domin kabon ɗinsa ya yi yawa har iskar da ke kusa ba ta isa ta ƙone shi duka. A birnin Balensiya na Sifen, inda ake ƙona manyan siffofin bikin Fallas a daren 19 ga Maris, an daɗe ana ƙorafi a kan baƙin hayaƙin da soson ke tayarwa. Ko yankan waya mai zafi yana sakin tururin sitarin, wanda hukumar binciken cutar daji ta duniya ta sa a jerin abubuwan da ake kyautata zaton suna jawo cutar. A yi yankan a waje ko kusa da taga, a rage zafin wayar idan ta fara hayaƙi, a sa takunkumi lokacin gugar samfefa.

Ragowar guntayen kuma kada a ƙona su, kada a zuba a kwata. Ba sa ruɓewa, suna toshe magudanar ruwa, wanda yana cikin dalilan da suka sa jihar Legas ta haramta robobin abinci na soso a Janairun 2024. A tara su a buhu. Manya za su zama duwatsu a gindin kuka ta gaba, ƙananan kuma a cuɗa su da farin gam a cike ramukan da wuƙa ta bari.