Iskar Oksijin Mai Matsi da Gyambon Ƙafar Masu Ciwon Sukari

Ciwon sukari, in ya daɗe a jiki, yakan kashe jijiyoyin ji na ƙafa, ya kuma tsuke hanyoyin jini. Sai mutum ya taka ƙusa bai ji ba, raunin ya zama gyambo, gyambon kuma ya ƙi warkewa saboda naman wurin ba ya samun isasshiyar iskar oksijin. Sau da yawa ƙarshen al'amarin shi ne yanke ƙafa. Manufar wannan maƙala ita ce duba wata hanya da likitoci ke bi don kauce wa hakan.

Akan shigar da majiyyaci cikin wani rufaffen ɗaki na musamman, a ƙara matsin iskar ciki har ya ninka na waje sau biyu ko biyu da rabi, ya shaƙi zallar oksijin na kimanin minti 90. Akan maimaita haka sau 30 zuwa 40. Hikimar kuwa ita ce: oksijin kashi 21 cikin ɗari ne kacal na iskar da muke shaƙa, kuma jajayen ƙwayoyin jini sun riga sun ɗauki kusan iyakar abin da za su iya ɗauka. Matsin ne ke sa ƙarin oksijin ya narke cikin ruwan jini kansa, kamar yadda William Henry ya bayyana dangantakar matsi da narkewar iska tun 1803. Da wannan ƙari fararen ƙwayoyin jini ke samun ƙarfin yaƙar ƙwayoyin cuta, ƙananan hanyoyin jini kuma su tsiro.

Sai dai masana ba su daidaita kan amfaninta ba. Binciken da aka yi a Suwidin aka wallafa a 2010 ya nuna kashi 52 cikin ɗari na waɗanda aka yi wa maganin sun warke cikin shekara guda, alhali kashi 29 ne suka warke cikin sauran. Wani binciken na ƙasar Holan, a 2018, bai ga wani bambancin kirki ba.

Saboda haka ba a ɗauke ta a matsayin madadin wanke gyambo, da cire ruɓaɓɓen nama, da ɗauke wa ƙafar nauyi, da daidaita sukari ba. In kuwa babbar hanyar jini ta toshe, buɗe ta ne kan gaba, domin jinin da bai isa ƙafa ba ba zai kai mata komai ba. Ga tsada, ga ciwon kunne da matsin kan haddasa, kuma sukarin majiyyaci na iya faɗuwa yana cikin ɗakin, shi ya sa ake auna shi kafin a rufe ƙofa.