Amsoshin Tambayoyinku: Littafi a Fuskar Waya

Tambayarmu ta yau daga Malama Hadiza ce a Funtuwa. Ta ce: "Na rubuta littafi na mayar da shi PDF, amma masu karatu suna kukan rubutun ya yi ƙanana a waya. Ina mafita?"

To, Malama Hadiza, Allah ya ƙara basira. Kamfanin Adobe ne ya fito da PDF a 1993, don shafi ya tsaya daram yadda aka tsara shi. Shi ya sa mai karatu ke ta buɗa yatsu biyu, yana jan layi hagu da dama har ido ya gaji.

Ga labari mai tsawo, EPUB ya fi. Shi EPUB, rubutun ne ke bin girman fuskar waya. Mai raunin gani ya ƙara girman haruffa, layuka su sake jeruwa da kansu. Manhajar Calibre kyauta ce, tana mayar da rubutun Word zuwa EPUB a kwamfuta. Kafin ki raba, ki gwada a ƙaramar waya, ki tabbata haruffa masu lanƙwasa, irin na ƙasa da ɗaki, sun fito daidai.