Harbin Saiti a Kan Benci: Mu Fara da Danƙo

’Yan uwa ɗalibai, a Amurka akwai gasar harbi da ake yi a zaune. Maharbi zai ɗora bindigarsa bisa jakar yashi a kan benci, ya harba harsashi biyar cikin takarda mai nisan yadi 100 ko 200. Alƙalai sai su auna tazarar ramuka biyun da suka fi nisa da juna. Mai ƙaramar tazara shi ya ci, ko da bai sami tsakiya ba.

Bindiga ba tamu ba ce: dokar makamai ta 1959 ta hana riƙe ta babu lasisi, kuɗinta ma ya fi ƙarfinmu. Amma muna da danƙo, wanda ƙannenmu ke korar jan-baki da shi a gonakin shinkafar Kura da Bunkure, kuma ilimin ɗaya ne.

Kayan aiki ba su da tsada: gwafa, robar tsohon tiyub, guntun fata, kwali, ruler, da ƙaramin buhu cike da yashi. Inda aikin yake shi ne abin harbawa. Tsakuwa ba ta yi, domin kowace da nauyinta da siffarta. Mu ɗebo yumɓu, mu auna shi da murfin kwalba ɗaya, mu mulmula, mu shanya ya bushe sarai. Robobin biyu kuma a yanka su tsawo ɗaya, faɗi ɗaya. In ɗaya ta fi ƙarfi, harbi zai riƙa karkata.

Sai a auna mita 10. Zauna, ka ɗora hannun da ke riƙe da gwafa bisa buhun, ka ja fatar zuwa wuri guda a kumatunka kowane lokaci. Harba biyar, ka auna, ka rubuta. Idan ramuka sun taru amma a gefe, hannunka ya zauna, saiti kawai za ka gyara. Idan sun watse, duba jan robar ko yumɓun. Abu ɗaya ake canzawa a kowane gwaji, kamar yadda malamin kimiyya ke nanata mana.

Sharaɗi kuwa ba sassauci. Sai da izinin malami kuma yana tsaye, kwali a jikin bango, kowa a bayan maharbi. A duba roba kafin a ja, domin in ta tsinke fuska take komowa, shi ya sa muke aron tabaran kariya na ɗakin gwaje-gwaje. Ba a zuwa auna ramuka sai an ajiye danƙo a kan benci.