DARASIN MANOMA: RARIYA BIYU DOMIN TSABTACE IRI

Darasinmu na wannan wata a kan rariya ne, da yadda za ta taimake mu mu hana ƙuduji, wato wuta-wuta, shiga gonakinmu.

Yadda manyan injuna suke aiki

Kowace uwargida ta san tankaɗe. Gari ya wuce, tsaki ya tsaya. A masana'antu ma haka ake yi, sai dai da inji. Injin tsabtace hatsi yana da rariya biyu, ɗaya bisa ɗaya, an ɗan karkata su, suna ta girgiza. Ramukan ta sama sun fi ƙwayar hatsi girma, saboda haka hatsi ya wuce, tsakuwa da kara su tsaya. Ramukan ta ƙasa ba su kai ƙwayar hatsi ba, saboda haka hatsi ya tsaya, yashi da ƙananan 'ya'yan ciyawa su zube. Akwai kuma fanka mai hure ƙaiƙayi, kamar yadda iska take yi wa mata a wurin shiƙa. Girman rami shi ne dukan dabarar.

Wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasarmu. Bayan da hanyar jirgin ƙasa ta iso Ƙauran Namoda a 1929, gyaɗa da auduga masu yawa sun bi ta can. A zamanin nan akwai malamai masu duba amfanin gona, kuma gyaɗa mai yashi da tsakuwa ba ta samun daraja a wurinsu.

Me ya haɗa rariya da ƙuduji?

Ƙwayar irin ƙuduji ba ta kai rabin milimita 1 ba, kamar ƙura take. Tushe guda yana iya zubar da ƙwayoyi fiye da 50,000, kuma suna iya kwanciya a ƙasa fiye da shekara 10 suna jiran gero ko dawa. Idan aka yanke zangarniya aka shimfiɗa a ƙasa cikin gona mai ƙuduji, ƙwayoyin nan sukan shiga cikin hatsi. Mutum ya sayi mudu biyu na iri a kasuwa, ya shuka, ya kai cuta gonarsa da hannunsa bai sani ba.

Amma ƙwayar gero ta kai milimita 2 zuwa 3, ta dawa kuwa ta fi haka. Tun da girmansu ya bambanta ƙwarai, rariya tana iya raba su.

Yadda za ku yi

1. Ku sa kafinta ya haɗa muku katako mai kusurwa huɗu guda biyu, kowane kamu biyu.

2. A kafa wa na farko wayar sauro, irin wadda ake sa wa taga. Ramukanta sun ɗara milimita 1 kaɗan. Ita ce rariyar ƙasa.

3. A kafa wa na biyu fallen kwano da aka huhhuda da ƙusa. Domin dawa, rami ya zama misalin kwatan inci. Domin gero, ya ɗan gaza haka. Ita ce rariyar sama.

4. Ku shimfiɗa tsohon buhu a ƙasa, a wurin da babu iska.

5. Ku zuba iri kaɗan kaɗan, kuna girgizawa. In an cika rariya, ramuka sukan toshe, aiki ya ɓaci.

6. Abin da ya zube a buhu, ku ƙone shi. Kada ku watsa a juji, kada kuma ku ba dabbobi, gama zai koma gona cikin taki.

Ku lura, rariya ba ta kashe ƙudujin da ya riga ya zauna a gona. Wannan sai a tumɓuke shi tun bai yi fure ba, a zuba taki, a kuma riƙa juya shuka da gyaɗa, ko auduga, ko waken suya.

Abin tunani

A cikin Littafin Amos, sura 8, Allah ya tsawata wa 'yan kasuwa masu rage mudu, masu sayar da shara a cikin alkama. Wanda ya sayar wa maƙwabcinsa da iri mai datti ya cuce shi shekaru da yawa, ba damina ɗaya kaɗai ba. Rariya guda ta ishi gidaje goma. Bari ƙungiyar ikkilisiya ta yi nata, ta kuma ara wa kowane maƙwabci, Kirista ko Musulmi, gama ƙuduji ba ya tambayar gonar wa ya shiga.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Daga ina kuka samo irin da kuka shuka bara?

2. Gonaki nawa ne a ƙauyenku aka bari saboda ƙuduji?

3. Wa zai ɗauki nauyin haɗa rariya kafin ruwan shuka?