Darasi Na Tara: Ƙuraje A Ƙirji

Sau da yawa uwa ta kan tuɓe wa ɗanta riga za ta yi masa wanka, sai ta ga ƙirjinsa ya feso da ƙuraje ja. To, ku sani, ƙuraje ba su ne cutar ba, alama ce kawai, kamar yadda hayaƙi ya ke nuna wuta. Cututtuka dabam dabam su ke kawo su, kowace da nata magani. Ku lura kuma, a jikin baƙin mutum ba kullum su kan yi ja sosai ba. Wani lokaci sai fata ta yi duhu, ko ta yi kaushi. Saboda haka a duba da rana, a kuma shafa da hannu.

Tambaya ta farko ita ce, akwai zazzaɓi ko babu? Wannan ita ke raba abin da zai jira da abin da ba zai jira ba.

Idan Babu Zazzaɓi

1. Ƙurajen zafi. Da bazara su ka fi yawa. Gumi ya kan fito ta ƙananan ƙofofi da ke cikin fata. In ƙofofin nan sun toshe, sai ya taru ciki, ya ta da ƙuraje ƙanana masu tsikari. A yi wanka da ruwan sanyi, a sa riga marar nauyi ta auduga, a zauna a inuwa. Kada a shafa mai mai kauri, domin ƙara toshe ƙofofin ya ke yi. Cikin 'yan kwanaki su kan mutu.

2. Ƙazwa. Wani ɗan ƙwaro ne, wanda ido ba ya ganinsa sosai, ya ke haƙa rami cikin fata ya yi ƙwai. Alamarta ƙaiƙayi mai tsanani da dare, a tsakanin yatsu, da hamata, da ƙugu, da kewayen nono. Akwai man shafawa, fametirin, wanda a kan shafa a jiki tun daga wuya har tafin ƙafa, ya kwana, a wanke da safe, a maimaita bayan kwana 7. Amma tilas mutanen gida duka su shafa rana ɗaya, a kuma wanke tufafi da zannuwan gado da ruwan zafi. In ba haka ba, wanda ya warke zai sake ɗauka.

3. Makero. Shi ya kan yi da'ira kamar kwabo, gefensa ya tashi, tsakiyarsa ta washe. A kan shafa masa man kulotirimazol safe da yamma, mako 2 zuwa 4. Kada a sa masa man canza launin fata, domin irin wannan ya kan kwantar da ƙaiƙayi, makeron kuwa yana ta yaɗuwa.

4. Abin da jiki ya ƙi. Sabon sabulu, ko turare, ko sarƙar wuya, su kan sa ƙuraje daidai inda su ka taɓa. A bar abin, ƙurajen su tafi.

Idan Akwai Zazzaɓi

Babbar abin tsoro ita ce ƙyanda, wadda a ke kira baƙon dauro. Da rani ta fi tashi. Yaro ya kan fara da zazzaɓi, da tari, da majina, da jan ido. Bayan kamar kwana 3 ko 4 ƙuraje su fito a fuska da bayan kunne, sa'an nan su gangaro ƙirji da ciki. Tana yaɗuwa ta iska, tun kwana 4 kafin ƙurajen su fito har kwana 4 bayan fitarsu, don haka a raba shi da sauran yara.

Ba ƙurajen ke kisa ba. Ciwon huhu da gudawa da ke biyo baya, su ke kisa, ta kan kuma makantar da yaro. Kada a ɓoye shi a ɗaka, a kai shi asibiti. Can za a ba shi bitamin A sau biyu, yau da gobe, domin tsare idonsa da ransa. A ci gaba da ba shi nono, da abinci, da ruwa mai yawa. Kada a ɗiga masa kome a ido sai abin da likita ya bayar.

Ƙarambau kuwa ƙurajenta masu ruwa ne, su kan fara a ƙirji da baya da fuska. A yanke wa yaro farce don kada ya sosa. A ba shi farasitamol, amma ban da asfirin.

Alamun Gaggawa

In an ga ɗaya daga cikin waɗannan, kada a jira wayewar gari:

Numfashi da kyar, ko kumburin leɓe da harshe.

Wuya ya sandare, ko ɗigo-ɗigon da ba su ɓacewa in an danna su da kofin gilashi. Wannan yana iya zama sanƙarau.

Ƙuraje bayan an fara shan sabon magani, balle in baki ya yi gyambo, ko fata tana saluɓewa. A dakatar da maganin, a tafi da kwalinsa wurin likita.

Kakanninmu sun sha wuya da agana, amma lamba ta kawar da ita, har a 1980 a ka sanar babu ita a duniya. Allurar ƙyanda kuwa tun 1963 a ka samo ta a Amurka. A Nijeriya a kan yi wa yaro ita yana wata 9, a sake yana wata 15. Rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi

1. Wace tambaya ce za a fara yi in an ga ƙuraje?
2. Don me mutanen gida duka za su shafa maganin ƙazwa?
3. Daga ina ƙurajen ƙyanda ke farawa?
4. Duba katin ƙanenka: an yi masa allurar ƙyanda?