Likitan Biyan Shekara: Ya Cancanci Kuɗinsa?

Tambaya: Malam, mahaifiyata na zaune tare da ni a Amurka, tana fama da ciwon suga da hawan jini. An ba ni shawarar in yi mata rajista da likitan da ake biya duk shekara. Mene ne bambancinsa da likitan iyali?

Amsa: 'Yar'uwa, Allah ya ba Hajiya lafiya. Tsarin ya samo asali ne a birnin Seattle a 1996. Likitan iyali a Amurka yakan riƙe marasa lafiya 2,000 ko fiye, shi ya sa ganinsa ke jan kwanaki, ganawar kuma gajeriya. Shi kuwa likitan biyan shekara yana taƙaita adadin. Likitocin kamfanin MDVIP, alal misali, ba sa wuce 600. Don haka za ku same shi a waya kowane lokaci, ya gan ku yau ko gobe, ya saurare ku a natse.

Sai dai kuɗin rajistar ba ya biyan kwanciya asibiti, tiyata, ko ganin ƙwararren likita. Kada ki kuskura ki soke inshorarta. Kafin ki sa hannu, ki nemi a rubuta miki abin da kuɗin ya ƙunsa. In likitanta na yanzu yana kula da ita yadda ya kamata, ki riƙe kuɗinki.